Wasiƙa Zuwa ga Abokan Cinikinmu Kan Duba Mota Kafin a Biya Kuɗinta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne kan wani koke da ya yawaita a garejinmu da ke nan Kano. Mutum zai tara kuɗinsa shekara da shekaru, ya sayi motar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita, a hannun dillali, amma kafin ya gama murna sai ta fara hayaƙi, ko giya ta ƙi shiga, ko ruwan lagireto ya riƙa ƙafewa. Akwai dillalai masu tsoron Allah, kuma mun san su, sai dai hasken fenti da ƙamshin cikin mota ba sa gaya wa kowa halin da inji yake ciki.

Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka, musamman Corolla da Camry da Accord, an sayo su ne a gwanjo bayan haɗari ko ambaliya. Wadda ta sha ruwa, ko an wanke ta yaya, za a tarar da busasshen taɓo a ƙarƙashin kafet da tsatsa a ƙusoshin kujera, kuma wayoyinta ba sa daɗewa sai su fara rikici. Wasu ana mayar da mitarsu mai nuna nisan tafiyar da suka yi baya, wasu kuma a cire ƙwan fitilar gargaɗin inji don kada ya kama. Saboda haka muke roƙon ku kira mu kafin ku biya, mu sa mata na'urar kwamfuta, mu leƙa ƙarƙashinta, mu gwada lambar chasis mai haruffa da lambobi 17 da abin da ke cikin takardar kwastan. Duk dillalin da ya hana a duba motarsa, shawararmu ita ce ku haƙura da ita, komai arharta.

Mun san cewa mu kanmu makanikai ba mu tsira daga zargi ba, kuma zargin yana da dalili, tunda akwai masu cire abin tace hayaƙin salansa, wanda ake kira indomi, su sayar ba da sanin mai mota ba. Don haka ba ma karɓar la'ada daga kowane dillali, kuɗin dubawar da kuka biya shi ne haƙƙinmu. Ba za mu kwance komai ba sai mun faɗi farashi kun amince, kuma duk tsohon kayan da muka cire za mu miƙa muku shi hannu da hannu. Wanda ya fi son ya sayo kayan gyara da kansa a kasuwar Ƙofar Ruwa, za mu rubuta masa lambar kayan, mu haɗa shi da yaronmu idan yana buƙata.

Muna buɗewa daga Litinin zuwa Asabar, ban da lokacin sallar Juma'a, kuma ku sanar da mu tun ana gobe idan za a je duba mota a wurin dillali.

Wassalam.

Shugaban gareji, a madadin dukkan ma'aikata.