Rahoton Ayyukan Shekara: Rangwamen Haraji Kan Gyaran Tsofaffin Gine-gine

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Tarukan wata-wata da sabunta rajista sun tafi yadda aka saba. Abin da ya ci mana lokaci a bana shi ne aikin da babban taron bara ya ɗora wa kwamiti: a gano irin rangwamen harajin da zai sa mai tsohon gini a tsakiyar birni ya gyara maimakon ya rushe.

Kwamitin ya duba tsarin ƙasashe huɗu. A Amurka, inda shirin ya faro a 1976, ana cire wa mutum kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara daga harajinsa, amma sai ginin tarihi ne da ke kawo kuɗin shiga, kuma tun dokar 2017 ana raba rangwamen a shekara biyar. Faransa na da dokar Malraux ta 1962: rangwamen kashi 22 ko 30, da sharaɗin a ba da gidan haya shekara tara. Ireland ta soma nata a 2015 a birane irin su Dublin, Cork da Limerick. Birtaniya kuwa darasi ce ta wata fuskar, domin gyara na ɗaukar harajin VAT na kashi 20, sabon gida ba ya ɗaukar ko kaɗan. Gidan da ya shekara biyu babu kowa ne ake sassauta wa zuwa kashi 5.

Ga inda gizo ke saƙar. Galibin rangwamen nan bayan an kashe kuɗi yake zuwa, kuma mai biyan haraji mai kauri ne ke cin moriyarsa. Yawancinmu ba haka muke ba. A zagayen duba gine-gine da muka yi, mun ga shago na ciniki a ƙasa, bene a kulle, silin ya rufto, damshi ya haura bango har tagogi. Mai irin wannan gini, musamman magada da suka haɗa hannu a gida ɗaya, ba su da abin fara aiki, balle su jira shekara biyar.

Shi ya sa takardar da muka miƙa wa hukuma ta nemi abu biyu: a bar ƙaramin mai gini ya miƙa rangwamensa ga bankin da ya ba shi rance, sannan a dakatar da ƙarin harajin gini na wasu shekaru bayan gyara. Muna dakon amsa.

Mun kuma yi bita kan takardu. Ku nemi amincewar hukuma kafin magini ya ɗaga guduma, ku ɗauki hoton kowane ɗaki, ku ajiye rasit ko na buhun siminti ɗaya ne. Wanda ya cire tsohuwar taga kafin a zo dubawa na iya rasa rangwamen gaba ɗaya.

Wanda ba a shiga gininsa a zagayen ba, ya ba da suna kafin taro mai zuwa.

Sakataren ƙungiya