Rahoton Ayyukan Shekara: Zafin Inji, Ranar Hawan Dutse da Bashin da Ke Kan Mambobi

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi.

A taron farkon shekara kun yarda cewa babbar matsalarmu ita ce ƙonewar inji, musamman ga waɗanda suka ɗaura wa kekunan hawan dutse injin lantarki da hannunsu. A kan haka kwamiti ya gina aikinsa. An yi tarukan wata-wata, ban da biyu da aka ɗage saboda ƙarancin mahalarta.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne ranar gwajin hawan dutse. Tun da sassafe aka jera kekuna, wasu injinsu a cibiyar tayar baya, wasu a wajen feda, irin su Bafang BBS02 da BBSHD da Tongsheng TSDZ2. Waɗanda suka riga suka saka ƙaramin ma'aunin zafi a jikin kwayil, wato naɗin wayar tagulla da ke cikin inji, su ne suka zama idonmu. Aka tsayar da digiri 100 a matsayin iyaka: wanda ya kai nan ya sauka ya huta. Aka hau sau biyu. A hawan farko kowa ya yi yadda ya saba, wato babbar giya, a murɗa totur har ƙarshe, ƙafa ba ta aikin komai. Kafin rabin hanya masu injin cibiyar taya sun fara tsayawa, wani ma har ƙauri yake yi, murfin ba ya taɓuwa da hannu. A hawa na biyu, bayan injuna sun huce, aka ce kowa ya koma ƙaramar giya ya riƙa taka feda da sauri. Masu injin wajen feda suka kai ƙololuwa injinsu da ɗumi kawai.

A saman dutsen shugaban sashen gyara ya yi bayanin da ya zauna wa kowa. Zafin kwayil yana bin yawan wutar da ke ratsa wayar tagulla, kuma ba ɗaya da ɗaya yake binta ba: in ka ninka amfiya, wato yawan wutar, sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Inji kuwa in yana juyawa a hankali da nauyi a kansa, wuta mai yawa yake ja, kaso mai yawa na wutar kuma zafi yake zama. Shi ya sa injin cibiyar taya ya fi shan wahala a tudu, don ba ya cin moriyar giyar keke. Ya tuna mana cewa maganadisun da ke cikin waɗannan injuna, in na gama-gari ne, yana iya fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. Ga giyar roba da ke cikin BBS02 da TSDZ2, wadda zafi da nauyi ke cinye wa haƙora. Ya zagaya da wata tsohuwar giya hannu-hannu, haƙoranta sun kwanta gefe guda. A ranar mutane da dama suka rage amfiyar kwantirolarsu, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa inji, wasu suka kankare busasshen taɓon da ya rufe jikin inji ya hana iska taɓa shi. Tun daga nan ba mu ji wanda ya halarta ya ƙone inji ba. Muna godiya ga waɗanda suka kawo kayan aiki da waɗanda suka tsaya tsaron hanya.

Sai abin da bai kammala ba. An yi alkawarin sayo ma'aunin zafi ga kowane mamba, da ruwan nan mai ɗauke da garin ƙarfe da kamfanin Grin na Kanada ke sayarwa da sunan Statorade. 'Yan mililita kaɗan ake zubawa a injin cibiyar taya marar giya, maganadisu ya riƙe shi, ya zama gadar da zafi ke bi daga kwayil zuwa murfi. Ba a sayo ko ɗaya ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci. Kayan nan daga waje ake odarsu, kuɗi a hannu, kuma asusun da aka ce a saya da shi kuɗin wata-watanku ne. Kusan rabin mambobi ba su biya cikakke ba, wasu tun watan farko ba a sake ganin ko kwabonsu ba. An kira, an tura saƙo, an bi wasu har gida, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ɗan abin da ya shigo shi aka yi hidimar ranar gwaji da shi, rasit yana nan ga mai son dubawa.

Horon saka audugar ɗauke zafi tsakanin injin TSDZ2 da murfinsa shi ma ya tsaya. An sa rana, mai koyarwa ya zo da kayansa, waɗanda suka fi kowa neman a yi ba su zo ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne, su ɗin ne ke kira da dare in inji ya mutu musu a daji. Wani ma ya je ya huda murfin injinsa wai don iska, ƙura da ruwa suka shiga, alhali an yi gargaɗi a kan haka a taro.

A taro mai zuwa za a karanta sunayen masu bashi. Kwamiti na kawo shawarar cewa wanda bashinsa ya wuce wata uku ba zai ari kayan aikin ƙungiya ba sai ya biya. Odar ma'aunin zafi tana nan a rubuce, ranar da kuɗin suka cika za a tura ta.

Ma'ajin ƙungiya