Kafin a cusa wadirof a bayan wagon

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana a kan abin da ake gani kullum a hanya, wanda kuma yake damunmu ƙwarai. Za ka ga motar gida mai dogon baya, wadda aka fi sani da wagon, an cusa mata wadirof ko katakon gado, ƙofar but a ɗage tana lilo an ɗaure ta da tsumma, direba kuma ya karkatar da kai gefe saboda bakin katako na gogar kunnensa. Mu masu wannan wasiƙa kafintoci ne biyu da makanike ɗaya. Wagon tana ɗaukar dogon kaya lafiya lau, don haka ma aka ƙera ta. Abin da ke jawo ɓarna shi ne mutane tambaya ɗaya suke yi, “zai shiga?”, sai su manta da wadda ta fi ta nauyi: “in na taka birki da ƙarfi, ina zai nufa?”

Bari mu fara da ta farkon, tunda ita ce ke gaban kowa. Tef ɗin awo ne ke amsa ta, ido ba ya iyawa. Wuri huɗu ake aunawa a motar. Na farko bakin but, faɗinsa da tsayinsa, kuma a auna faɗin a sama da ƙasa domin saman ya fi tsukewa. Na biyu tsakanin tudun tayoyin baya guda biyu da ke cikin but, wanda a yawancin wagon bai wuce mita ɗaya ko ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Na uku tsawon daɓen daga bayan kujerun gaba zuwa ƙofar but bayan an kwantar da kujerun baya, galibi tsakanin santimita 170 zuwa mita biyu. Na huɗu shi ake yawan mantawa: tsawon nan a daidai tsayin kayan. Ƙofar but a karkace take, bayan kujerun gaba ma a jingine suke, saboda haka tsawon da ka samu a ƙasa yana raguwa in ka hau sama. Falanki mai santimita 185 zai kwanta, amma kabad mai tsawon nan kuma mai kaurin rabin mita sai kusurwarsa ta sama ta ci karo da gilashin baya.

Siririn abu yana samun ƙarin wuri in aka gicciya shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Daɓe mai tsawon 180 da faɗin 100 yana ba da kusan santimita 206 a gicciye. Sai dai wannan na sandar labule ne ko ƙarfen gado. Da zarar abin ya yi faɗi, ribar ta tafi. Wanda ya fi haka tsawo sai an haɗa da kujerar fasinja ta gaba: a zare matashin kanta, a tura ta gaba, a kwantar da bayanta, ko a ninke ta in irin mai ninkewa ce. Da haka ana samun kusan mita biyu da rabi a motoci da dama.

Duk abin da ke kwancewa, a kwance shi. Ƙafafun teburi da na kujerar falo yawanci da noti ko sukuru aka ɗaura su, kuma cire su kaɗai kan rage santimita goma ko fiye, wanda sau da yawa shi ne bambancin shiga da ƙin shiga. A zare durowoyi, a cire ƙofofi da katakan jera kaya, a zuba notuna a leda a manne ta da salatif a jikin kayan. Kayan da aka yi da matsattsen garin katako su suka fi buƙatar wannan. Suna da nauyi, ga rashin juriya: gefen wadirof ɗaya mai tsawon mita biyu, faɗin santimita 60 da kaurin milimita 18 yana kai kilo 14, wadirof mai ƙofa uku kuwa yana haura kilo 100. In aka kwantar da shi a haɗe ya shiga gargada, mahaɗansa ne ke karɓar duka, sukuru ya yage ramin da yake ciki, kuma ramin da ya yage a irin wannan katako ba ya sake riƙewa kamar da. Madubi da gilashin teburi a tsaye ake ɗaukarsu a kan gefensu, a naɗe da bargo, a matse tsakanin abubuwa masu laushi. In aka shimfiɗa su, tsakiyarsu ce ke lanƙwasa a duk ramin da aka faɗa har su tsage.

Wajen shigarwa, mutum biyu: ɗaya a baya yana turawa, ɗaya ya shiga ta ƙofar gefe yana karɓar kan kayan. A shimfiɗa bargo ko kwali a bakin but domin kada a yage robar ƙofa ko a kankare fenti. Mai nauyi ya fara shiga, ya kwanta a ƙasa, ya matsa gaba har ya jingina da bayan kujera, babu rata a tsakani. Dogon kaya ya bi ɓangaren fasinja, kansa ya sunkuya zuwa wurin ajiye ƙafa. Kada ya hau dashbod. A nan jakar iska take, wadda ke kumbura nan take lokacin karo domin kare fasinja, kuma in ta fashe da katako a kanta, sai ta wurga shi duk inda ta ga dama. Kada kuma ya tare giya, birkin hannu ko madubin gefe.

A yi hattara da lokacin rufe but, domin a nan gilashin gaba ya fi fashewa, mota tana tsaye ko tayar da ita ba a yi ba. Mutum ya ga saura ƙiris ƙofa ta kama, sai ya buga ta da ƙarfi, ƙofa ta tura katako, katako ya soki gilashi daga ciki. A bar ratar yatsu huɗu a gaba da baya, a naɗe bakin kayan da bargo, a sauke ƙofar da hannu a hankali yayin da wani ke duba gaba. Gilashin baya shi ba ya tsagewa ya tsaya, wargajewa yake yi gaba ɗaya ya zama tsakuwa. Ko bai fashe ba, kusurwar katako na kankare siraran layukan da ke busar da raɓa a jikinsa.

Yanzu ga tambaya ta biyu, wadda saboda ita muka ɗauki alƙalami. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya, kayan da ba a ɗaure ba ba su san ta tsaya ba. Suna ci gaba da tafiya da gudun nan, kuma ƙarfin da suke isa da shi daidai yake da a ce an sako su daga tsayin kusan mita goma, wato saman bene mai hawa uku. Ka ƙaddara ƙofar katako ta faɗo daga can, da bakinta, a kan ƙeyar mutum. Bayan kujera ba a yi shi domin tare irin wannan ba. Ba ma sai an yi karo ba. Birki mai ƙarfi a busasshiyar kwalta yana tura kaya gaba da ƙarfin da ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, kuma katako mai santsi a kan bargo ba ya jira a kai haka kafin ya zame.

Abin ɗauri shi ne bel mai maƙulli na ƙarfe da ake tamkewa, irin wanda ke ɗauke da takarda a ɗinke mai nuna nauyin da yake iya riƙewa. Robar nan mai ƙugiya a kai biyu ba abin ɗaure kaya ba ce, miƙewa take yi, kuma in ta kuɓuce ido take nema. A daɓen but, galibi a kusurwoyi huɗu, akwai zobban ƙarfe da aka ɗaure da jikin mota. Su ake kamawa. Ƙugiyoyin roba na rataya leda da sandunan matashin kujera ba za su riƙe komai ba.

Yadda aka ɗaura ma ya fi yawan bel ɗin muhimmanci. Wanda aka ɗora ta sama aka tamke, danna kaya ƙasa kawai yake yi, dogon katako yana iya sulalewa ta ƙarƙashinsa kamar takobi daga kube. Dole a sami ɗaya da ya zagayo ta goshin kayan, bakinsa biyu suka koma baya suka kama zobban da ke kusa da ƙofar but, ta yadda in kayan suka nemi gaba, bel ne zai fara tare su. Sannan a ƙara ɗaya ko biyu ta sama saboda kwana da gargada. Idan katakai ne da yawa, a fara ɗaure su dami guda tukuna, in ba haka ba na tsakiya ne zai fita shi kaɗai ya bar 'yan'uwansa a ɗaure. A sa kwali a duk kusurwar da bel ya bi, don kada ya ci katako, katako kuma kada ya yanke shi. Bargon da aka ja kaya a kai a zare shi, a sa tabarmar roba a madadinsa in akwai. Kuma kada kowa ya zauna a gaban dogon kaya ko a gefensa, balle a ce wani ya tsuguna a but “ya riƙe”. Hannun mutum ba ya riƙe kilo 50 a lokacin birki. Shi ma kaya ya zama.

Idan but ya ƙi rufuwa, an shiga wani haɗarin da ba a gani. Mota mai tafiya tana barin wani gurbi a bayanta inda iska ke juyowa, sai ta kwaso hayaƙin salansa ta shigo da shi ta ƙofar da ke buɗe. A cikin hayaƙin akwai iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke sa ciwon kai, jiri da barci. Mutane kan buɗe tagogi suna ganin maganin ke nan, alhali hakan na iya ƙara janyo shi. A rufe tagogi, a kunna fanka da ƙarfi tana ɗebo iskar waje ta gaba, a kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, a kuma taƙaita tafiyar. Ƙofar a jawo ta ƙasa da bel har ta zauna a kan bargon da aka ɗora wa kayan, a kama ta da zoben ƙarfe, ba da sandar goge gilashi ba. Lamba da fitilun baya su kasance a bayyane. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan zirga-zirgar motoci da aka ƙulla a birnin Biyana (Vienna) a 1968 ta ce kayan da suka zarce bayan mota da fiye da mita ɗaya dole a sa musu alama, da dare kuma jar fitila da abu mai ƙyalli; kowace ƙasa tana da nata ƙarin, sai direba ya san na inda yake.

Nauyi ma a lissafa shi. Yawancin wagon na ɗaukar kilo 450 zuwa 600, kuma direba da fasinja suna cikin lissafin. Nauyin da ya taru a bayan tayoyin baya yana ɗaga gaban mota, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu su haska sama su kashe wa masu tahowa ido. A ƙara wa tayoyi iska zuwa adadin cikakken lodi da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofa ko murfin tanki. A ninka ratar da ake bari tsakani da motar gaba, a shiga kwana a hankali, kuma bayan kilomita biyar ko goma a tsaya a sake tamke bel, domin kaya na zaunawa ɗauri ya saki.

Wasu kan ce to a ɗora a sama mana. Rufin yawancin wagon kilo 75 zuwa 100 yake ɗauka har da nauyin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ake kafawa a rufin, kuma katifa ko falanki mai faɗi a can iska ce ke shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Kujerar falo mai cin mutum uku wadda ba ta kwancewa, wadirof da aka haɗa da gam, da duk abin da kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa zai rataya a waje, waɗannan ba na wagon ba ne ko ta ciki ko ta sama. A nemo musu motar ɗaukar kaya.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Kafintoci biyu da makanike, masu karanta jaridarku