A tambayi malaman jami'a tun kafin a buga takardar ƙidaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na ranar Lahadi, kuma maganar baƙonku ta tsaya mini a wuya. Wai masu bincike su yi haƙuri, in an gama ƙidayar jama'ar Nijar za a ba su sakamako. Sai an gama? Ashe sai an ɗinka riga sannan a zo auna mai ita?

Ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, kuma ina cikin waɗanda suka bi gida gida a ƙidayar Disamba 2012, wadda ta ce mun haura miliyan 17. A ƙauyukan Adar na yi aikin. Lokacin an gama girbi, samari sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Sai ka shiga gida ka tarar da tsohuwa da surukanta da jikoki. Ka ce mata mutum nawa ne a gidan nan, ta lissafo har ɗanta da ya shekara uku bai zo ba, don a wurinta yana nan, shi ke aiko kuɗin hatsi. Takarda da Faransanci take, mu ke juya ta Hausa a bakin ƙofa, kowa da irin tasa juyawar. Shi kansa "gida", tukunya ɗaya ake nufi ko gandu duka? Akwai malamai a Jami'ar Abdou Moumouni da ta Djibo Hamani nan Tawa da suka ƙare ƙuruciyarsu kan nazarin 'yan bida da makiyayan Azawak. Su ya kamata a zaunar tun ana tsara tambayoyin.

Bara ɗiyata tana rubutun kammala karatu, ta nemi alƙaluman komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, ƙauye ƙauye. Sau huɗu tana zuwa wani biro, a ce ta kawo takarda, ta kawo, a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ƙarshe da jimillar jiha ta haƙura. Ba sunan kowa ta nema ba, a goge sunaye a ba ta lissafi. Ni da na sha rana wajen tara shi, wallahi abin ya yi mini ciwo.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Sau shida na kira, kuɗina na tafiya, kuna ta sa kiɗa.

Naku mai saurare kullum,
daga Tawa