Takardar Koke Daga Mazauna Sabbin Unguwannin Mazaɓar Rijiyar Zaki

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Ungogo,
ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu talakawanka ne mazauna sabbin unguwannin da suka tsiro a mazaɓar Rijiyar Zaki. Kukanmu ɗaya ne: mun yi yawa, amma har yau ana yi mana rabo da ƙidayar da aka yi tun kafin a haifi yawancin 'ya'yanmu.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ita ce ta 2006. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. A 2006 inda gidajenmu suke a yau gonakin gero da dawa ne. Kuɗin haya ya koro mutane daga Dala da Gwale da Fagge, wasu kuma rashin tsaro ya taso su daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, kowa ya sayi ɗan fili ya gina. Galibin filayen nan awon igiya ne, kuma mun san laifinmu a ciki. Mai gona ya yanka, dillali ya sayar, babu wanda ya ware wurin makaranta ko maƙabarta ko hanyar ruwa. Da damina ruwa ba ya samun mafita sai ta cikin ɗakunanmu, gidan ƙasa kuwa ya jiƙe ya zube.

Makarantar firamaren da muke da ita an gina ta ne don ƙauye. Yara kan cika aji har bakin ƙofa, wasu a kan buhu, malami ɗaya yana ta ɗaga murya ba a jin sa daga baya. Gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, mun yi murna da duka biyun. Sai dai yarinyar da za ta tsallaka titin Gwarzo kafin ta isa makarantar sakandare, uwarta ba ta da kwanciyar hankali sai ta dawo. Da yawa daga cikinmu sun haƙura sun zaunar da 'yan matan a gida, abin da ke ci mana rai ke nan.

Maganar zaɓe ita ce ta fi ɗaure mana kai. A 2021 hukumar zaɓe ta ƙasa ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, karo na farko tun 1996. Amma yawancinmu katinmu na tsohuwar unguwa ne. Ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, tsoho ba zai taka daga nan zuwa Kurna ko Ƙofar Mazugal ba. Sai ya zamana muna kwana a Ungogo, ƙuri'armu tana cikin birni. Ɗan takarar kansila ya san haka, shi ya sa ba ya shigowa lungunanmu. Ba ma ganin laifinsa sosai.

Samarinmu kuwa, iyayensu da dama a masana'antun Sharada da Bompai suka yi aiki, yawancin masaƙun nan yanzu a rufe suke. Tun da aka hana acaɓa a cikin Kano a 2013 sai adaidaita sahu, shi ma sai mai uban gida. Wanda ya rasa sai zaman majalisa, daga nan sai ƙwaya, sai ƙwacen waya bayan sallar isha'i. 'Yan sintirinmu da gora da tocila suke kwana, kuɗin da muke haɗa musu gida-gida ba ya isa.

Ranka ya daɗe, ba ma so a jira Abuja. Kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, mai unguwa ya san kowane magidanci da ke ƙarƙashinsa. Muna roƙon ka umarci masu unguwanni su sake zagayawa gida-gida su rubuta yawan magidanta, da yaran da suka isa shiga makaranta, da waɗanda katin zaɓensu ke wani wuri. Matasanmu masu ilimi za su riƙe musu littafi kyauta. Idan lissafin ya kammala, ka kai shi gaban shugaban ƙaramar hukuma da bakinka, a nema mana ƙarin azuzuwa da ofishin 'yan sanda, a kuma kawo masu sauya rumfar zaɓe cikin unguwa idan an buɗe rajista.

Sannan ka hana dagatai sa hannu a kan cinikin gona sai an fitar da hanya da filin makaranta tukuna. Akwai gonaki biyu a gabas da mu da dillalai suka fara zagayawa tun bayan girbi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
limamai, magidanta, mata da matasan sabbin unguwannin mazaɓar Rijiyar Zaki.