A Daina Yi Mana Barazana Kan Rigakafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amsa wa masu kiran a kafa dokar hukunta iyayen da suka hana a yi wa 'ya'yansu rigakafi. Ban goyi bayan wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, har yau hankalina bai gama kwanciya da masu tafiyar da harkar ba.

Kafin a kira mu jahilai, a tuna 1996. A shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Na san Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma talaka bai raba su: fararen riguna ne suka zo da sunan taimako. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Ni tela ne, kuma a rumfata ake wannan muhawara. Batun cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ban yarda da shi ba, domin yaran da aka ɗiga wa a idonmu sun girma, sun yi aure, muna zuwa sunan 'ya'yansu. Allurar ƙyanda kuwa da kaina nake cewa maiɗakina ta kai yara, don na ga yadda ƙyanda ke makantar da yaro ko ta kashe shi. Amma an yi mini bayani ne na gamsu. Da ɗan sanda aka turo mini, wallahi da na rufe ƙofa.

Tambayar da mutane ke yi ita ce ba a amsawa. Me ya sa za a biyo mu har zaure da ɗigo kyauta, a rubuta alli a bango, a shafa wa yaro tawada a yatsa, amma ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da wannan yaron, ka je asibitin sha-ka-tafi a rubuta maka takarda a ce je ka kemis? Wani lokaci ma mai duba shi ba ka samu. In akwai dalili, a faɗa mana. Sau da yawa yarinyar da aka turo da akwatin ba ta san amsar ba, kuma ba laifinta ba ne.

A dubi yadda aka ci nasarar shan inna. Da Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, kurkuku bai dawo da shi ba. An binciki maganin, an kawo wani maganin daga Indunusiya, aka ci gaba a 2004. Daga baya sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka shiga, hakimai da masu unguwanni suna ɗiga wa nasu 'ya'yan a bainar jama'a. Da haka aka kai 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ainihin ƙwayar cutar ta bar Afirka.

Sai ga korona. Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da katin rigakafi ko sakamakon gwaji. A cikin wannan Disambar kuma aka lalata alluran korona sama da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare. An yi daidai da aka lalata su, amma wanda ake tilasta wa me zai ɗauka a ransa?

Roƙona ga gwamnatin Gombe da 'yan majalisarmu: kada a kawo tara ko ɗauri, kada kuma a kori yaro daga makaranta kan kati. A turo ma'aikacin da zai zauna da magidanta a ƙofar mai unguwa, ya faɗi sunan allurar, inda aka yi ta, da inda za a kai yaro kyauta idan jikinsa ya yi zafi bayanta. Sannan a zuba maganin zazzaɓi a asibitocin unguwa.

Naka,
Wani magidanci daga Jekadafari, Gombe