Wasiƙar Godiya ga Wani Shagon Kwamfuta a Tudun Wada

Assalamu alaikum Injiniya, tare da yaran shagonka. Na zaɓi in rubuta wannan a bainar jama'a ne, don godiyar da na yi da baki ranar nan ba ta gamsar da ni ba.

Ni malamin firamare ne a Rigasa. Ana saura sati uku bikin yaye ɗalibanmu, mai kalangun da muka saba ɗauka ya yi tafiya, ga yara sun riga sun haddace waƙarsu. Na saɓo tsohuwar kwamfutata na zo wurinku a sa mini manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, irin wadda ake kwafa ta bayan fage, don na ji samari na cewa da ita ake komai. Ka ce mini a'a, Malam: kayan kamfanin Image-Line ne na Beljiyam, sayarwa ake yi, kwafin sata kuma sau da yawa da cuta yake shigo wa kwamfuta. Sai ka sa mini Hydrogen ta haɗa kiɗan ganga da Audacity ta gyaran sauti, waɗanda masu su suka sake su kyauta ga kowa. Gaskiya a raina na ce abin kyauta ai ba zai yi armashi ba.

Da ƙaramin yaronka ya buɗe Hydrogen, sai na ga gurabe reras kamar na dara. Kowane layi ganga ɗaya ce, kowane gurbi kuma lokacin bugu ne. Ya ce in sa babbar ganga a gurbi na 1, 5, 9 da 13 cikin goma sha shida, in sa ƙaramar ganga mai ƙara a na 5 da 13, in cike tsakani da kacau-kacau. Na danna, sai ga kiɗa yana juyawa, bugu 120 a minti ɗaya. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar yaron da aka ba alewa.

Amma da na rera waƙar yaran a kai, sai ta ƙi zama. Na rage gudu, na ƙara, duk a banza. A nan ne na san kun san aikinku. Ka bar kwamfutar da kake gyarawa, ka ce in rera in kuma tafa. Ka saurara, ka ce waƙar nan uku-uku take tafiya, kamar yawancin kiɗan da muka tashi muna ji a dandali, ni kuwa ina neman cusa ta cikin huɗu-huɗu. Ka mayar da gurabun goma sha biyu, nan take waƙa ta hau kiɗa kamar don shi aka yi ta. Ashe ba muryata ce da laifi ba, kodayake uwargida har yau ba ta yarda da wannan ba.

Sauran matsala ita ce gangunan da manhajar ta zo da su na Turawa ne, ciki har da kwaikwayon na'urar kiɗan ganga ta TR-808 da kamfanin Roland ya fitar a 1980. Yaronka ya raka ni wurin wani dattijo mai yi wa mahauta kiɗa, muka ɗauki bugun kalangunsa ɗaya-ɗaya da waya: wanda ya saki tsarkiya, na tsakiya, da wanda ya matse ta a hammata. A Audacity muka yanyanka su, muka nuna mata gurnanin janaretan maƙwabta ta rage shi, sannan muka ɗora kowane bugu a layinsa. Kun kuma nuna mini maɓallin da ke ɗan sassaɓa ƙarfin bugu da lokacinsa, don kada kiɗan ya bushe kamar agogo.

Ba zan yi wa jama'a ƙarya ba, kalangun nan na kwamfuta ba ya magana. Wannan lanƙwasar murya da makaɗi ke yi yana matsawa yana sakewa, har ya kira sunan mutum da kirarinsa, ba mu same ta ba, kai ma ka faɗa mini haka tun farko. Amma ya riƙe wa yara lokaci, kuma ranar biki har wata kaka ta tashi ta taka.

Sau biyu aka ɗauke wuta muna tsakiyar aiki, ba wanda ya ɗaure mini fuska. Abin da kuka karɓa bai kai cefanen yini ɗaya ba. Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci yaran nan. Ran Asabar in Allah Ya yarda zan zo da malamai biyu masu son koyo, in kuma dawo muku da filashin da na ara.

Naku,
Malamin aji shida, Rigasa, Kaduna